KATUN NA AMURKA: TARIHINSA, SIFFOFINSA, DA YADDA YA GAJE TABARMAR TATSUNIYA

Duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwar Nassarawa ta Kano cikin shekarun 1970 da na 1980 ba zai manta da ɗan lokacin nan da ke tsakanin La'asar da Magariba ba. A wancan zamani gidajen talabijin ba kwana suke yi suna watsa shiri ba, sai rana ta yi sanyi suke buɗewa, kuma galibi da shirin yara ake farawa. Da lokacin ya gabato, sai ka ga farfajiyar gidajen da ke Titin Sultan, da Titin Alu, da kewayen Filin Sukuwa ta yi tsit. 'Ya'yan mai gida, da na maƙwabta, da na ma'aikatan da ke zaune a ɗakunan bayan gida, duk sun taru a gaban akwati guda, ba abin da suke fata sai kada wuta ta ɗauke. Can sai ga muzuru ya biyo ɓera a guje, ɗaki ya ruɗe da dariya.

Manya sun ɗauki wannan abu tamkar wasan yara, wanda bai cancanci a tsaya a yi nazarinsa ba. Alhali kuwa katun, watau zane-zanen nan masu motsi, sana'a ce babba wadda ta haura shekara ɗari, kuma kusan kowace siffa tata kuɗi da kasuwa ne suka haife ta. Har wa yau, lokacin da ya samu a zukatan yara ba fili ne da ba mai shi ba, na tatsuniya ne ya gada. Saboda haka ya kamata ma'aikaci mai iyali, da ɗalibi mai neman sani, su san asalin wannan baƙo da halinsa.

YADDA BAƘON YA SHIGO GIDA

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin shekarar 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962. Amma akwatin bai yawaita a gidajen ma'aikata ba sai bayan da aka biya ƙarin albashin nan na Udoji a 1975, har da bashin watannin baya, wanda ya sa masu aikin gwamnati da yawa suka sayi rediyo, da babur, da talabijin. A 1977 aka kafa Hukumar Talabijin ta Nijeriya, wadda tasharta ta Kano take a Bompai. Sa'an nan a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi jihar ta kafa tata tashar, CTV, wadda daga baya aka sa mata sunansa. Da yake Nassarawa tun zamanin Turawa ita ce mazaunin manyan ma'aikata, ga wutar lantarki, ga abin hannu, tana cikin unguwannin da suka riga saura sabawa da akwatin.

To, me ya sa tashoshin suka cika lokacin yara da katun na waje? Dalili shi ne araha. Fim ɗin da aka yi a Amurka tun shekarun 1940 ya riga ya mai da kuɗinsa, ya ci riba, don haka masu shi suna iya sayar da shi ga ƙasashen waje a kan kuɗi ƙalilan. Tashar da za ta shirya nata kuwa sai ta nemi marubuta, da masu zane, da kayan aiki. Sayen na waje ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

ASALIN SANA'AR

Tushen abin ruɗin ido ne. Idan aka nuna wa mutum hotuna a jere da sauri, kowane ya ɗan bambanta da na gabansa, sai ya ga kamar abu guda ne yake motsi. A fim mai sauti hoto 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa guda. Ke nan katun na minti 7 yana ɗauke da hoto 10,080. Ko da an bar kowane zane ya tsaya a hoto biyu, kamar yadda aka saba yi, sai an zana fiye da 5,000. Wannan lissafi shi ne mabuɗin tarihin sana'ar duka: yadda za a rage wahalar zane ba tare da an kashe motsi ba.

Ba Amurkawa kaɗai suka fara ba, gama tun a 1892 wani Bafaranshe, Emile Reynaud, yake nuna zane mai motsi a birnin Faris. A Amurka, J. Stuart Blackton ya fito da wani ɗan fim a 1906 inda fuskokin da aka zana da alli a kan allo suke motsi. Amma wanda ya fara sa wa zane rai da hali shi ne Winsor McCay, mai zanen barkwanci a jarida. A 1914 ya fito da "Gertie", labarin wata ƙatuwar dabba ta zamanin da, mai taurin kai, mai kuka in an tsawata mata. Zane wajen 10,000 aka yi, kuma a kan kowace takarda sai da aka sake zana duwatsu da ruwan da ke bayan dabbar.

A cikin shekarar nan ta 1914 Earl Hurd ya yi rajistar dabarar da ta raba masu zane da wannan azaba. Ana zana daji ko ɗaki sau ɗaya tak, sa'an nan a riƙa zana abin da ke motsi a kan wani falle mai kama da leda, wanda ake ganin bayansa kamar gilashi, a ɗora a bisa. Daga nan aikin ya tashi daga hannun gwani guda ya koma na ma'aikata, aka rarraba shi: wani ya tsara labari, wani ya zana manyan motsi, wani ya cike tsakani, wasu su bi da tawada da launi. A ƙarƙashin wannan tsari aka sami tauraro na farko, wata baƙar kyanwa mai suna Felix, wadda Otto Messmer ya zana a 1919.

ZAMANIN DISNEY DA ABOKAN GASARSA

Walt Disney, wanda aka haifa a Shikago a 1901, ya kafa kamfani tare da wansa Roy a 1923. A 1928 ya gamu da abin da ya zame masa darasi har ƙarshen ransa. Wani zomo mai suna Oswald da kamfaninsa ke zanawa ya karɓu, amma da aka zo sabunta yarjejeniya sai ya tarar ashe a takarda zomon ba nasa ba ne, na masu rarraba fim ɗin ne, har sun janye masa yawancin ma'aikata. Shi da abokinsa Ub Iwerks suka ƙirƙiro ɓera, watau Mickey Mouse, aka nuna shi a Niyok ranar 18 ga Nuwamba, 1928, a cikin "Steamboat Willie", inda kiɗa da motsi suka dace daidai wa daida. Tun daga ranar Disney bai sake sakaci da mallakar abin da ya ƙirƙira ba. Sai a ranar 1 ga Janairu, 2024, bayan shekara 95, haƙƙin mallakar wannan fim ya ƙare a Amurka.

A 1932 kamfanin ya fito da katun na farko mai cikakken launi, "Flowers and Trees". A watan Disamba na 1937 kuma ya fito da dogon fim, "Snow White", labarin wata 'yar sarki da wadanni bakwai, wanda ya ci wajen dala miliyan ɗaya da rabi. Mutanen Holiwud sun yi ta cewa wauta ce, ba wanda zai zauna fiye da sa'a guda yana kallon zane, amma ribar da aka samu ta rufe musu baki. Abin lura, a cikin shekarar nan ce aka buɗe gidan sinima na Rex a Kano, kuma a cikinta littafi na farko na "Magana Jari Ce" na Abubakar Imam ya fito.

Disney bai ci kasuwa shi kaɗai ba. 'Yan'uwan nan biyu, Max da Dave Fleischer, sun kawo Popeye cikin fim a 1933, matuƙin jirgin ruwan nan da ƙarfinsa ke zuwa in ya ci alayyafo. Kamfanin Warner ya bi hanyar shaƙiyanci da baƙar magana, ya fito da agwagwa Daffy a 1937, da zomo Bugs Bunny a 1940. A 1940 ɗin dai William Hanna da Joseph Barbera na kamfanin MGM suka fara Tom da Jerry. Sun yi guda 114 kafin ƙarshen 1958, bakwai daga ciki suka ci lambar girma ta Oscar. Ya kamata a sani cewa waɗannan gajerun finafinai ba don yara kaɗai aka yi su ba. A gidajen sinima ake nuna su kafin babban fim, ga manya da yara baki ɗaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma gwamnati ta yi amfani da su wajen horar da soja da yi wa Hitila ba'a.

SIFFOFIN DA AKE GANE SHI DA SU

Siffa ta farko ita ce dabbobi masu halin mutane: suna tafiya da ƙafa biyu, suna da gida, da kwaɗayi, da girman kai. Ta biyu ita ce taƙaita zane. In mai kallo ya lura zai ga yawancinsu yatsu huɗu gare su a hannu, jikinsu kuma da'ira ce a kan da'ira, don abin da za a zana sau dubbai dole ya zama mai sauƙi. Farar safar hannun Mickey ma tana taimakawa a ga hannunsa in ya gitta baƙin jikinsa.

Ta uku ita ce laushin jiki, yadda abu kan matse ya miƙe kamar roba. Muzuru ya faɗo daga bene ya baje kamar waina, ya girgije ya tashi garau. Dabbar nan mai kama da dila ta Chuck Jones, wadda tun 1949 take bin wani tsuntsu mai gudu, takan wuce bakin dutse ta ci gaba da gudu a iska, ba ta faɗuwa sai ta dubi ƙasa. A duniyar katun ba a mutuwa, ba a jinya.

Ta huɗu ita ce kiɗa ya tsaya a madadin magana. A Tom da Jerry da wuya ka ji kalma, kiɗan Scott Bradley ne ke bin kowane taku. Wannan shi ne sirrin yaɗuwarsa a duniya: yaron da ke Kano, ko bai san ko "zo" da Turanci ba, ba abin da ya ɓace masa. Inda kuma ake magana, murya ce rabin halin dabbar. Mutum guda, Mel Blanc, shi ya yi muryar Bugs, da Daffy mai tsamin baki, da alade Porky mai i'ina.

Ta biyar ita ce rinjayen wayo a kan ƙarfi, kullum ƙarami ne ke kunyata babba. Nan ne Bahaushe zai ga fuskar da ya sani, gama haka Gizo yake yi wa Zaki da Kura, shi ma kuwa da tsamin bakinsa. Kamancin ba kacokan katari ba ne. Bayin da aka kwasa daga Afirka sun tafi da labaran zomo mai wayo, waɗanda Joel Chandler Harris ya tattara a Kudancin Amurka wajen 1880, kuma masana da dama suna ganin jinin wannan zomo a jikin Bugs Bunny.

DA KIƊA YA SAUYA

A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta hana manyan kamfanoni tilasta wa gidajen sinima sayen finafinai a dunƙule. Wannan hukunci, tare da bazuwar talabijin, ya karya kasuwar gajerun katun. MGM ta rufe sashenta na zane a 1957. Hanna da Barbera suka kafa nasu kamfani, suka fuskanci talabijin, wanda ke son shiri mai yawa a kan kuɗi kaɗan. Dabarar da suka bi ita ce taƙaita motsi: jiki ya tsaya cik, baki da ido kaɗai ke motsawa. Shi ya sa Yogi Bear yake ɗaure da kwala a wuya, don a raba kai da gangar jiki ba tare da an ga mahaɗi ba. Shi ya sa kuma in ana gudu sai ka ga taga guda da kujera guda suna ta dawowa. Da haka aka yi "The Flintstones" a 1960, da "Scooby-Doo" a 1969. Daga wannan lokaci ne aka ɗauki katun abin yara.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. A cikin shekarun 1980, da gwamnatin Shugaba Reagan ta sassauta dokokin talla, sai masu ƙera kayan wasa suka shigo da ƙarfi. "He-Man" na 1983 da "Transformers" na 1984 an yi su ne a kan 'yan tsana da mutum-mutumin da ake sayarwa a kanti, watau shirin kansa talla ne. Aikin zanen ma aka riƙa kai shi Japan, da Koriya ta Kudu, da Taiwan, inda lada ya fi araha. "Voltron" da yaran Nijeriya suka haddace, asalinsa na Japan ne, a Amurka aka yanke shi aka sa masa Turanci a 1984. Sai a 1990 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ƙayyade talla a shirin yara: minti 12 cikin sa'a a ranakun aiki, minti 10 da rabi a ƙarshen mako. Bayan haka aka buɗe tashar Cartoon Network a 1992, mai nuna katun dare da rana. A 1995 kuma kamfanin Pixar ya fito da "Toy Story", dogon fim na farko da aka yi shi duka da kwamfuta.

ABIN DA KE CIKIN ƘUNSHIN

Ba a raba labari da ra'ayin mai shi. Tsofaffin katun da yawa sun zana baƙar fata da manyan leɓuna, da rashin wayo, sun nuna Afirka daji ce ta masu dafa mutum a tukunya. Amurkawa da kansu sun farga: a 1968 kamfanin United Artists ya janye katun goma sha ɗaya na Warner daga talabijin saboda wannan aibi. Fim ɗin "Aladdin" na 1992, wanda aka samo labarinsa daga "Dare Dubu da Ɗaya", sai da aka sauya wasu kalmomin waƙarsa ta farko a 1993, bayan Larabawan Amurka sun yi kukan an zana su a matsayin marasa tausayi. A kan yawan duka da faɗa kuwa, tun 1968 wasu iyaye mata na yankin Boston suka kafa ƙungiya don sa ido a kan shirin yara. Darasin da ke nan shi ne, a ƙasar da aka yi abin ma iyaye ba su naɗe hannu ba. Kuma ba kowane zane ne na yara ba: "The Simpsons", da aka fara a 1989, don manya aka yi shi.

Amma babban abin dubawa shi ne bambancinsa da tatsuniya. A tatsuniya kaka ce ko uwa ke bayarwa, da dare, bayan an ci tuwo. Ta ce "ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa, su kama waƙa, su yi tambaya, gobe wani a cikinsu ya maimaita wa ƙannensa. Da haka harshe ke nuna a bakin yaro. Labarin kuma yana da ƙarshe: sau da yawa haɗamar Gizo takan ja masa kunya, a rufe da "ƙurunƙus". A katun kuwa yaro kallo kurum yake yi, kuma tseren ba ya ƙarewa, don in muzuru ya kama ɓera kasuwa ta tashi. Gani ya kori ji, amma abin da aka kora ɗin ya tafi da wani amfani.

MAI KAYA YA ƊAUKI KAYANSA

Hana kallo ba magani ba ne, balle yanzu da katun ya bar falo ya koma wayar hannu, ba ya jiran La'asar, ba ya bambanta Nassarawa da Fagge ko Kurna. Abin tambaya shi ne ko ƙasar Hausa za ta iya yin nata. An riga an ba da amsa a maƙwabta. Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942, ya koyi aiki a wurin gwanin nan Norman McLaren a Kanada, ya fito da "La Mort de Gandji" a 1965, da "Bon Voyage Sim" a 1966, inda ya yi amfani da kwaɗi ya yi wa shagalin tafiye-tafiyen shugabanni ba'a. Ya daɗe zaune a Tawa yana aiki da ɗan abin da ya samu, har ya rasu a 2015. A Abuja, Adamu Waziri ya fara "Bino and Fino" wajen 2010 don yaran Afirka su ga masu kama da su. A 2024 kuwa kamfanin Disney da kansa ya haɗa kai da kamfanin Kugali na wasu samarin Afirka, suka fito da "Iwájú", labarin da aka gina a kan birnin Legas.

Labari ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913. Ibrahim Yaro Yahaya ya fito da jerin "Tatsuniyoyi da Wasanni" a farkon shekarun 1970. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Botorami, ga Dila malamin daji, ga aku wazirin "Magana Jari Ce". Kano kuma ta riga ta nuna tana iya riƙe sana'ar fim da harshenta. Kwamfuta ta rage tsadar da ta kusa durƙusar da Disney a 1937.

Abin da tarihin Amurka ya nuna shi ne gwaninta kaɗai ba ta isa ba, sai da abu uku: ma'aikata masu horo da aka rarraba wa aiki, da kasuwa tabbatacciya, da dokar da ke kare haƙƙin mai ƙirƙira. Na farko aikin jami'o'i ne da kwalejojin fasaha. Na biyu yana hannun gidajen talabijin, in za su keɓe lokaci da kuɗi don sayen shirin gida. Na uku na ma'aikatun gwamnati ne da hukumar kare haƙƙin mallaka. Yaran da suka yi dariyar muzuru da ɓera a falon Nassarawa shekaru arba'in da suka wuce, su ne iyaye da kakanni a yau, da yawansu kuma su ke riƙe da waɗannan ofisoshi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ke ba yaro labari da yamma, shi ke da rabo a cikin tunaninsa in ya girma.